RA'AYI: Sabon darasin zama ɗan ƙasa na buƙatar sababbin kayan koyarwa

A daminar 2025 ne Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, ƙarƙashin Minista Tunji Alausa da Ƙaramar Minista Farfesa Suwaiba Sa'idu Ahmad, ta bayyana sabuwar manhajar karatu ta makarantun firamare da sakandare. An rage yawan darussan da ake ɗora wa yaro, ta yadda ɗalibin babbar sakandare zai tsaya a kan takwas ko tara. An mayar da Tarihin Najeriya darasin dole tun daga aji ɗaya na firamare har zuwa aji uku na ƙaramar sakandare. A babbar sakandare kuwa, an tattara tarihi da ilimin haƙƙin ɗan ƙasa da ilimin zamantakewa aka zuba su a tukunya guda, aka fito da darasi ɗaya na nazarin zama ɗan ƙasa da gadon al'umma.

Tun daga lokacin, yawancin maganganun da aka ji a kan batun sun tsaya ne a kan sunayen darussa da yawansu: wane aka cire, wane aka haɗe, wane zai fito a jarrabawa. Tambayar da ta fi waɗannan nauyi ba ta samu kulawar da ta dace ba, wato da wane kayan karatu za a koyar da sabon darasin, kuma ta wace hanya. Idan aka bar amsar ga al'ada, abin da zai faru sananne ne. Masu buga littattafai za su ɗauko tsofaffin littattafai uku su ɗinke su cikin sabon bango, malami ya juya baya yana rubutu a allo, ɗalibai su kwafe, su haddace, su juye a ranar jarrabawa, su manta kafin sakamako ya fito. Ɗalibin da ya kai shekara 16 zuwa 18 ya wuce wannan matakin. Abin da ya dace da shi shi ne a ajiye masa ainihin takardun da ƙasar ke gudana a kansu, a koya masa karanta su da kafa hujja da su. Da yawan waɗannan takardu kuwa suna cikin ofisoshin Abuja, a hannun ma'aikatan gwamnatin tarayya.

Waiwaye adon tafiya. Ilimin zamantakewa ba baƙo ba ne a makarantun Najeriya. A shekarun 1960 aka fara gwada shi sosai a makarantar sakandare ta Aiyetoro da ke tsohuwar Jihar Yamma, wadda aka buɗe a 1963 da tallafin Amurka. Taron Mombasa na 1968 ya tara ƙasashen Afirka a kan shirin, babban taron manhaja na ƙasa da aka yi a Legas a 1969 ya share masa hanya, sannan Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta ba shi gurbi. Burin waɗanda suka kawo shi shi ne a raba yaro da haddar sunayen sarakunan Ingila da kogunan Turai, a sa shi ya dubi garinsu da ƙasarsa, ya yi tambaya, ya nemo amsa. Sai dai da darasin ya bazu ba tare da isassun malaman da aka horar dominsa ba, sai aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago. Sarakunan Ingila sun tafi, jerin ma'anoni da siffofi da fa'idoji suka maye gurbinsu.

A zangon karatu na 2009/2010 aka cire Tarihi daga matakin ilimi na farko a matsayin darasi mai cin gashin kansa, da sunan za a riƙa tsintar sa a cikin ilimin zamantakewa. Bayan shekaru ana ƙorafi gwamnati ta dawo da shi, kuma a Nuwamban 2022 aka ƙaddamar da horar da malamai 3,700, ɗari daga kowace jiha da Babban Birnin Tarayya. Ilimin haƙƙin ɗan ƙasa shi ma ya shafe fiye da shekara goma yana cikin darussan dole na babbar sakandare. A duk waɗannan sauye-sauye jadawalin darussa ne ke canzawa, abin da ke gudana tsakanin malami da ɗalibi a cikin aji kuwa yana nan yadda aka san shi.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ɗalibin da ke aji uku na babbar sakandare yana dab da cika shekara 18, shekarar da doka ta ba shi ƙuri'a. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, cikin mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba. Dalilan haka suna da yawa, kuma ba adalci ba ne a ɗora wa makaranta laifin duka. Amma matashin da ya yi shekara uku yana haddace fa'idojin zaɓe guda biyar, ba tare da an taɓa nuna masa alaƙar ƙuri'arsa da kuɗin da ke shiga asusun ƙaramar hukumarsa ba, da wuya ya ga dalilin tsayawa a layi cikin rana. Gurbin da makaranta ta bari kuma ba ya zama fanko. Saƙonnin WhatsApp da bidiyon TikTok suna koya masa tarihin ƙasarsa kowace rana, da irin gishirin da masu haɗa su suka ga dama.

Littafin da ke tsufa kafin ya kai aji

Littafin karatu yana da amfaninsa. Shi ke tsara wa malami zango, shi ne kuma abin da ɗalibi ke komawa gare shi a gida. Sai dai darasin mulki da zamantakewa ya sha bamban da lissafi, inda biyu da biyu ke nan a huɗu ko bayan shekara ɗari. A ɗauki littafin da aka buga a 2017, irin wanda har yanzu ake iya samu a ɗakin karatun makarantu da dama. Zai ce wa ɗalibi sai mai shekara 40 ke iya neman shugabancin ƙasa, sai mai 30 ke iya neman kujerar Majalisar Wakilai, alhali gyaran 2018 ya mayar da su 35 da 25. Zai ce jiragen ƙasa da gidajen yari hurumin gwamnatin tarayya ne ita kaɗai, alhali gyaran kundin tsarin mulki na Maris ɗin 2023 ya buɗe wa jihohi ƙofa a kansu, ya kuma faɗaɗa ikonsu a harkar wutar lantarki. Taken ƙasa da ke shafinsa na farko an sauya shi a Mayun 2024. Ba zai san da hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 ba, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ba zai san cewa dokokin haraji na 2025 sun rage kason gwamnatin tarayya a harajin VAT daga kashi 15 zuwa 10, sun ƙara na jihohi daga 50 zuwa 55 ba.

Duk wannan a cikin shekaru ƙalilan. Makarantar da ta dogara ga littafi ɗaya tilo, to a wasu shafukansa ɗalibanta ƙasar da ta riga ta shuɗe suke karantawa. Maganin abin ba sake buga littafi kowace shekara ba ne, domin iyaye ba za su iya ɗaukar wannan nauyi ba. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a bar littafi ya riƙe ginshiƙan da ba sa saurin canzawa, a kawo sauran daga tushe.

Takardun da ya kamata su shiga aji

Na farko shi ne Kundin Tsarin Mulki na 1999. Akwai ɗaliban da ke iya jero rassan gwamnati uku cikin barci, amma ba su taɓa ganin sashe ɗaya na kundin da idonsu ba. A ba su shafi biyu kacal. A ɗaya su karanta sashe na 14, inda aka ce tsaro da walwalar jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati, da sashe na 18 mai maganar ilimi kyauta idan hali ya yi. A ɗayan su karanta wani ɓangare na Babi na 4, mai ɗauke da haƙƙin rayuwa da 'yancin faɗar albarkacin baki. Sannan a nuna musu sashe na 6(6)(c), wanda ya hana kotu tilasta aiwatar da alkawuran Babi na 2, inda sassan 14 da 18 suke. Tambayar darasin ta fito da kanta ke nan: me ya sa mutum zai iya kai ƙara idan an tsare shi ba bisa ƙa'ida ba, amma ba zai iya dogara da Babi na 2 shi kaɗai ya kai ƙara idan babu makaranta a ƙauyensu ba? Wasu ɗaliban za su ce alƙali ba shi da asusun gina makarantu, kuma kasafin kuɗi aikin zaɓaɓɓu ne. Wasu za su ce alkawarin da ba a iya bin sawunsa ba alkawari ba ne. Lauyoyi da alƙalai sun daɗe suna wannan muhawara, kuma ɗan shekara 17 yana iya shiga cikinta da hankalinsa.

Na biyu shi ne jadawalin rabon kuɗin tarayya da kwamitin FAAC ke yi kowane wata. Littafi zai ce gwamnatin tarayya na karɓar kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma 20.60, bayan an ware kashi 13 na kuɗin ma'adinai ga jihohin da aka haƙo su. Ɗalibi zai haddace waɗannan alƙaluma ba tare da sun taɓa shi ba. Amma a miƙa masa shafin da ke nuna abin da ƙaramar hukumarsa ta samu a wata guda, a ce ya kwatanta da na maƙwabciyarta, ya kuma nemo abin da aka yi da shi. A nan lissafi da tattalin arziki da ilimin ɗan ƙasa suka haɗu a takarda ɗaya, kuma yaron zai koma gida da tambayar da zai yi wa kansilan mazaɓarsu.

Na uku su ne takardun tarihi. A Maris ɗin 1953 Anthony Enahoro ya gabatar da ƙudiri a Majalisar Wakilai a Legas yana neman mulkin kai a 1956. Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, ya kawo gyara cewa kada a ƙayyade shekara, a bari sai lokacin da hali ya yi. Aka watse baram-baram, aka yi wa wakilan Arewa ihu a titunan Legas, rikici ya ɓarke a Kano a watan Mayu, daga nan aka tafi taron Landan da ya haifar da tsarin tarayya na 1954. Yawancin littattafai suna ba da wannan labari cikin sakin layi ɗaya, kowane marubuci kuma yana karkata shi zuwa ɓangaren da ya fito. Idan aka ba ɗalibai guntayen jawaban ɓangarorin biyu daga kundin zaman majalisar, za su ga cewa 'yan Kudu na ganin duk jinkiri riba ce ga Turawan mulkin mallaka, 'yan Arewa kuma na fargabar cewa da ƙarancin masu ilimin boko a yankinsu, mulkin kai na gaggawa zai bar su ba su da kowa a aikin gwamnati. Wanda ya fahimci wannan fargaba zai fahimci asalin sashe na 14(3) na kundin yanzu, da Hukumar Daidaiton Rabon Muƙamai da kowane ma'aikacin tarayya ya san ta, ko yana goyon bayan tsarin ko yana sukar sa.

Haka batun ƙirƙirar jihohi yake. Hukumar Willink da aka kafa a 1957 domin sauraron koken ƙananan ƙabilu ba ta ba da shawarar a ƙirƙiri sababbin jihohi ba, sai ta ce a sanya haƙƙoƙin ɗan Adam a kundin tsarin mulki. Shekara goma bayan kafa ta Janar Yakubu Gowon ya yanka ƙasar gida 12, aka koma 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, sannan 36 a 1996, kuma har yau ana neman ƙari. Ɗalibi na iya haddace waɗannan shekaru cikin minti biyar. Aikin da zai motsa ƙwaƙwalwarsa shi ne a tambaye shi ko ƙarin jihohi ya kawar da tsoron da aka kai gaban Willink, ya kuma kawo hujja daga jiharsa.

Ɗaliban Babban Birnin Tarayya ma darasi na ƙarƙashin ƙafarsu. Kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda na 1975 ne ya ba da shawarar a bar Legas, doka ta 6 ta 1976 ta kafa yankin, aka tare a Disamban 1991. Wace hujja kwamitin ya kafa? Yaya aka yi da Gbagyi da Koro da Gade da Gwandara da sauran waɗanda aka tarar a wurin? Me ya sa mazaunin Kuje ko Bwari ke zaɓen shugaban ƙaramar hukumarsa, amma ba ya zaɓen wanda ke mulkin yankin baki ɗaya? Dattawan da aka tayar daga ƙauyukansu suna nan da ransu, hirar ɗalibi da ɗayansu kuma kayan karatu ce da babu ita a kanti.

Ba a rasa taskar da za a ɗebo irin waɗannan takardu ba. Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa, wadda Farfesa Kenneth Dike ya assasa a 1954, tana da manyan rassa a Ibadan da Inugu da Kaduna. Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda aka kafa a 1970 ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith, cike yake da takardun gwamnatin tsohuwar Jihar Arewa da rubuce-rubucen Larabci da Ajami. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya yi shekaru a Zariya yana nanata wa ɗalibansa cewa kowace takarda sai an tambayi wanda ya rubuta ta, da lokacin da ya rubuta, da abin da yake nema. Wannan tarbiyya ce ta kamata ta sauko daga jami'a zuwa babbar sakandare.

Yadda za a koyar a aji mai cunkoso

Za a ce duk wannan mafarki ne a makarantar da Manufar Ilimi ta tanadi ɗalibai 40 ga malami guda, amma aji ya ninka haka, babu wuta, babu ɗakin karatu. Wannan ƙorafi gaskiya ne, sai dai hanyar da ake magana a kanta ba ta buƙatar kwamfuta ko intanet a cikin aji. Takarda ɗaya mai fuska biyu ta isa. Malami ya ɗauki minti goma na farko ya shimfiɗa labarin, da shekaru da sunaye, domin wanda bai san abin da ya faru ba ba shi da abin da zai auna. Sannan ya raba aji rukuni-rukuni, ya rubuta tambaya ɗaya a allo, da sharaɗin duk rukunin da ya ba da amsa sai ya nuna layin da ya dogara da shi a takardar. A darasi na gaba a musanya matsayi, waɗanda suka kare Enahoro su kare Sardauna. A ƙarshe kowa ya rubuta shafi ɗaya da hannunsa. Duba shafi 80 aiki ne, amma ba kowane mako za a yi ba, kuma kuɗin buga takarda ɗaya ga kowane rukuni bai kai na littafi ɗaya ba.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Yaro yakan fara da allo da hadda, kuma haddar tana da muhallinta. Amma idan ya kai karatun zaure, littafin kansa ake buɗe masa a gaban malami, a bi shi kalma bayan kalma, a warware, ya yi tambaya, in kuwa ya yi iƙirari a ce ya nuna inda ya gani. Babu malamin zaure da zai yarda almajirinsa ya tsaya a kan taƙaitawar wani alhali ga asalin littafin a hannu. Abin mamaki ne a ce makarantar boko ce ke riƙe baligi a matakin biyawa.

Akwai kuma abin lura. Majalisar wasa da muhawarar makarantu da ziyarar Majalisar Dokoki ta Ƙasa duk suna da kyau, amma idan ba a gina su a kan karatu ba, sukan koma wasan kwaikwayo, inda mai baki ke cin nasara a kan mai hujja. Ɗalibin da zai hau kujerar kakakin majalisar wasa ya kamata ya fara karanta ainihin ƙudirin doka ko da guda ɗaya ne.

Batutuwan da ake tsoron taɓawa

Babban abin da ke sa jami'ai ɗari-ɗari da wannan tsari shi ne tsoron tayar da tsohon miki. Juyin mulkin Janairu da na Yulin 1966, kashe-kashen da suka biyo baya, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, soke zaɓen 12 ga Yunin 1993, duk abubuwa ne da har yanzu akwai masu jin zafinsu a jika. Malamin da ya karkata a kansu yana iya raba aji gida biyu, musamman a makarantun haɗin kai na tarayya inda 'ya'yan kowane yanki ke zaune a benci ɗaya. Wannan fargaba ba ta banza ba ce.

Amma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Yaran suna jin waɗannan labarai a gida da waya, kowa daga bakin ɓangarensa kaɗai. Aji ne wuri guda da za a iya ajiye musu bayanin ɓangarori biyu a kan tebur ɗaya, ƙarƙashin ƙa'ida. Taron Aburi na Janairun 1967 a Ghana misali ne mai kyau: an zauna, an cimma matsaya, amma Legas da Inugu kowacce ta fassara abin da aka amince da shi daban. Ɗalibin da ya karanta fassarorin biyu zai koyi yadda rashin fayyace kalmomi a takarda ke iya kai ƙasa ga yaƙi, darasin da duk mai rubuta takardar bayan taro ya kamata ya sani. Takardun asali ma kariya ce ga malami, domin ba ra'ayinsa ya kawo ba, kuma duk uban da ya zo da ƙorafi za a iya nuna masa abin da aka karanta. Sharaɗin kawai shi ne masana daga sassan ƙasar daban-daban su zaɓi takardun tare, kuma a hana malami mayar da aji dandalin jam'iyya.

Jarrabawa ce ke jan akala

Duk abin da aka tsara zai tashi a banza idan jarrabawa ba ta sauya ba. Malami da shugaban makaranta da iyaye duk sakamakon WAEC da NECO suke kallo, kuma suna da gaskiya. Muddin tambayar ita ce a lissafa siffofi biyar na dimokuraɗiyya, malamin da ya ɓata mako biyu a kan jawabin 1953 zai ga kamar ya cuci ɗalibansa. A Afirka ta Kudu, jarrabawar Tarihi ta kammala sakandare tana da sashe guda da ake ba ɗalibi guntayen jawabai da hotuna da zanen barkwanci na jarida, a tambaye shi abin da suke nufi da iyakar amincinsu, kafin ya shiga sashen dogon rubutu. Babu abin da zai hana NECO, wadda hukumar gwamnatin tarayya ce, ta fara da sashe ɗaya irin wannan, ta sanar da makarantu shekara biyu kafin lokaci, ta kuma fitar da misalan tambayoyi da yadda ake ba da maki. Ranar da aka yi haka, masu buga littattafai za su sauya salo ba tare da an roƙe su ba.

Abin da ke hannun ma'aikatan tarayya

Ilimi yana cikin al'amuran da tarayya da jihohi ke tarayya a kansu, kuma mafi yawan makarantun sakandare na jihohi ne ko na masu zaman kansu. Duk da haka maɓallan suna Abuja. Hukumar NERDC da ke Sheda, wadda ke tsara manhaja da tantance littattafai, tana iya haɗa kundin zaɓaɓɓun takardun asali na shekaru ukun babbar sakandare, kowace takarda ba ta wuce shafi biyu ba, da gajeren bayani da tambayoyi, a sabunta shi kowace shekara, a sake shi kyauta ga duk jiha ko makarantar da ke son bugawa. Wajen tantance littattafai kuma a ƙara ma'auni: shin littafin ya kawo takardun asali, ya faɗi inda ya samo alƙalumansa, kuma tambayoyinsa suna neman hujja ko jeri kawai? Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna da kwalejojin ilimi su koyar da malamai ta irin hanyar da ake so su koyar, domin wanda aka yi wa shifta a taron bita, shifta zai yi wa ɗalibansa. Makarantun haɗin kai sama da ɗari da ke ƙarƙashin ma'aikatar sun isa wurin gwaji, kafin a kai sakamakon gaban Majalisar Ilimi ta Ƙasa inda kwamishinonin jihohi ke zama.

Sauran ma'aikatu ma suna da rabonsu. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta wajabta wa hukumomin gwamnati su riƙa wallafa bayanan ayyukansu tun ba a tambaya ba, su kuma amsa buƙata cikin kwana bakwai. Jami'in da ya taƙaita kasafin hukumarsa a shafi ɗaya da ɗan sakandare zai gane, ko ya amsa wasiƙar ɗaliban da ke tambayar inda aikin rijiyar burtsatsen unguwarsu ya tsaya, ya koyar da darasin da ya fi babi guda na littafi tasiri. Wanda kuma ya jefa wasiƙar a durowa, shi ma ya koyar da nasa darasin.

Hadiman ministoci da na 'yan majalisa, waɗanda ta hannunsu takardun neman amincewa ke wucewa, suna da damar yin tambaya kafin a sa hannu a kan kwangilar littattafai ta gaba. Wa ya karanta littafin daga bango zuwa bango? A wace shekara aka duba alƙaluman da ke cikinsa? Nawa aka ware wa horar da malamin da zai riƙe shi, idan aka kwatanta da abin da aka ware wa bugawa da bikin rabawa? Ɗaliban da suka shiga aji ɗaya na babbar sakandare da sabuwar manhajar, nan da 'yan shekaru su ne masu jefa ƙuri'a, wasunsu kuma su ne za su zauna a kujerun da ake zaune a kai yau a Sakatariyar Tarayya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma zaɓen littafi da hanyar koyarwa da ake yi a yanzu shi ne tanƙwarar.